Kundin Aikin Kafa Ƙungiyar Hokin Keken Ƙanƙara a Wani Gari na Manitoba

5 ga Oktoba, 2024

Yau kwamitinmu ya yi zamansa na farko, kuma an tsayar da magana a kan cewa kafin ƙanƙara ta narke a ƙarshen wannan hunturu, muna so a ce garin nan yana da ƙungiyar hoki ta masu lalurar ƙafa da ta laka, wadda za ta iya shiga fili ta buga cikakken wasa. A lardin Manitoba na ƙasar Kanada filin ƙanƙara shi ne dandalin gari da zarar sanyi ya shigo, domin a can yara suke yin abokai, a can kuma iyaye suke sanin juna, saboda haka yaron da ke zaune a keken guragu a bayan gilashi yana kallon ƙannensa, an bar shi ne a wajen harkar garin gaba ɗaya har tsawon rabin shekara. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, ina aiki da irin waɗannan yara da manya, kuma an ɗora mini alhakin kayan wasa da lafiyar 'yan wasa.

Tun da yawancin masu karanta wannan kundi ba su taɓa ganin wasan ba, zan bayyana shi tun daga farko. Ɗan wasa yana zama ne a cikin wani mazauni mai kama jiki, wanda aka ɗora a kan firam na alminiyam, ƙafafunsa a miƙe a gaba an ɗaure su, a ƙarƙashin mazaunin kuma akwai wuƙaƙe biyu na ƙarfe masu zamewa a kan ƙanƙara, wannan shi ne keken ƙanƙara. Yana riƙe da gajerun sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu, kowace kuma tana da aiki biyu: gindinta yana da haƙoran ƙarfe da ake kafawa a ƙanƙara a tura keken gaba, bakinta kuma a lanƙwashe yake domin bugun faifan robar da ake wasan da shi. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili har da mai tsaron gida, ana kuma buga zango uku, kowane na minti 15.

19 ga Oktoba, 2024

Wata ƙungiya da ta riga mu farawa a birnin Winnipeg ta ba mu aron tsofaffin kekuna, na kuma kwashe su zuwa garejin wani mai walda da ya ba da kansa ga aikin. Mun auna kowane ɗaya da ƙa'idar hukumar wasan ta duniya a hannu. Ƙa'idar ta ce tsawon firam kada ya gaza santimita 80, tsayinsa daga ƙanƙara ya kasance tsakanin santimita 8.5 da 9.5 domin faifai ya iya wucewa ta ƙarƙashi, wuƙaƙen kuma su kasance tsakanin santimita 16 da 32. Sanda ba ta wuce santimita 100, kuma haƙoranta ba sa wuce milimita 4. Wasu daga cikin kekunan sun lanƙwashe a gaba saboda karo na shekara da shekaru, amma mai waldar ya ce gyaransu ba zai gagara ba.

Da muke kwance wuƙaƙen ne ya lura cewa ƙirar keken ba ta da wani sarƙaƙiya, na kuma ba shi labarin asalinta. An fara wasan ne a farkon shekarun 1960 a wata cibiyar farfaɗo da nakasassu da ke birnin Sitokholm na ƙasar Siwidin, inda wasu mutane da suka ƙi rabuwa da hoki bayan sun rasa ƙarfin ƙafafunsu suka ɗaura wuƙaƙen takalmin ƙanƙara guda biyu a ƙarƙashin firam na ƙarfe, suka yi sanduna masu mariƙin keken hawa, suka shiga wani daskararren tafki a kudancin birnin suna wasa ba tare da mai tsaron gida ba. Zuwa 1969 birnin yana da gasar ƙungiyoyi biyar, kuma a shekarar ce suka kara da wata ƙungiya daga Oslo ta ƙasar Norwe. Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne masu lalurar ne da kansu suka ƙera abin da suke buƙata, ba wani ne ya tausaya musu ya kawo musu ba, kuma ina so wannan ya zama ma'auninmu a duk shawarar da za mu yanke.

2 ga Nuwamba, 2024

Matsalar da ta fi ta kekuna girma ita ce ginin filin kansa. Ƙofar da ake shiga ƙanƙara ta cikinta tana da dokin ƙofa mai tudu, wanda mai takalmi yake tsallakewa bai ma san da shi ba, amma ga wanda ke ɗaure a keke katanga ce. Bencin 'yan wasa ma a sama yake, a bayan allon da ba a ganin komai ta cikinsa idan mutum yana zaune daf da ƙasa. A filayen da aka gina da wannan wasa a zuciya, daɓen benci daidai yake da ƙanƙara, an shimfiɗa masa ƙanƙara ko roba mai santsi, allon gabansa kuma na gilashi ne, ta yadda ɗan wasa zai zame ya shiga, ya ci gaba da kallon wasa, ya kuma zame ya fito idan lokacinsa ya yi ba tare da wani ya taɓa shi ba.

Wani daga cikin masu kula da filin ya ba da shawarar cewa a riƙa ɗaukar 'yan wasan ana tsallakar da su, tun da akwai masu ƙarfi a cikinmu. Na ƙi amincewa da haka, na kuma faɗi dalilina a gaban kwamiti: mutumin da ake ɗauka a gida, a ɗauke shi a mota, a ɗauke shi a asibiti, bai kamata ya zo wurin da aka ce nasa ne a sake ɗaukarsa kamar buhun hatsi ba. Banda wannan, ɗaga mutum da kekensa a kan wuri mai santsi haɗari ne ga bayan mai ɗagawa da kuma wanda ake ɗagawa. An tsaya a kan cewa za mu riƙa shiga ta babbar ƙofar da motar gyaran ƙanƙara take bi, wadda ba ta da tudu, mu shimfiɗa allunan roba daga ɗakin canza kaya zuwa bakinta, masu jiran canji kuma su zauna a kan ƙanƙarar a jikin allo, kamar yadda ƙananan ƙungiyoyi da yawa suke yi. Mun rubuta wa hukumar garin takarda muna neman a gyara benci ɗaya a kasafin baɗi.

16 ga Nuwamba, 2024

An shiga ƙanƙara a karon farko. Waɗanda suka zo sun haɗa da yara da aka haifa da tsagewar ƙashin baya, da wata budurwa mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke sandare gaɓoɓi, da wani magidanci da ya rasa ƙafa a haɗarin injin gona, da wani matashi da ya sami rauni a laka. Kocinmu bai fito da faifai ba sam. Abin da aka koya a yau shi ne faɗuwa da tashi, domin keken yana kifewa gefe, kuma wanda bai iya dafa ƙanƙara da dunƙulen hannu ya murɗa ƙugu ya miƙe da kansa ba, tsoro ba zai bar shi ya yi gudu ba. Ga sababbin shiga muna buɗa tsakanin wuƙaƙen biyu sosai domin keken ya tsaya daram, sannan a riƙa matso da su a hankali, tun da gwanayen wasan wuƙaƙensu kusan a manne suke da juna, abin da ke ba su damar juyawa a ɗan ƙaramin wuri.

Budurwar nan ba ta iya riƙe sanda da hannun hagu yadda ya kamata, don haka muka ɗaura wa kekenta mariƙi a baya, ƙanwarta mai takalmin ƙanƙara tana tura ta. Dokokin wasan yara da na nishaɗi sun yarda da mai turi, da sharaɗin ba zai taɓa faifai ba, ba kuma zai yi amfani da gudunsa ya ba ɗan wasansa fifiko a kan sauran ba.

30 ga Nuwamba, 2024

Makonnin nan biyu sun tafi ne a kan mazauni, kuma zan daɗe a nan domin a ganina a nan ne ƙungiya irin tamu take tsayawa ko ta watse. Mazauni shi ne yake haɗa jikin ɗan wasa da wuƙaƙe, kuma duk motsin da ƙugu ya yi ta nan yake bi ya isa ƙanƙara. Idan ya yi yawa, mutum yana lilo a ciki, ƙarfinsa yana zubewa a banza. Idan ya matse, yana cin fata. Ga mai jin ciwo wannan ƙaramin abu ne, zai yi magana a gyara. Amma wanda ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa yana iya yin awa guda ƙusa ko gefen roba na gugar fatarsa bai sani ba, ya koma gida da jan tabo wanda cikin 'yan kwanaki zai zama gyambo, gyambon zama kuma yana iya kwantar da mutum wata da watanni. Saboda haka muka kafa doka cewa kowa zai duba fatarsa bayan kowane horo, ko da madubi ko da taimakon wanda ya aminta da shi, kuma jan da bai washe ba bayan an tashi daga keke, to, ba za a sake hawa ba sai an gano inda yake fitowa. Na yanka soso mai tauri daidai da jikin kowane ɗan wasa, na rubuta sunansa a ƙasan kekensa, domin a daina musayar kekuna.

Akwai wasu abubuwa uku da na zaunar da masu taimako na koya musu. Wanda rauninsa na laka yake a saman ƙirji, wato daga ƙashin baya na shida na ƙirji zuwa sama, jininsa yana iya hawa farat ɗaya saboda madauri da ya matse ko mafitsara da ta cika, alamarsa kuma ita ce ciwon kai mai tsanani da gumi da jan fuska. Abin yi shi ne a zaunar da shi a miƙe, a sassauta duk abin da ya ɗaure shi, a nemi likita idan bai lafa ba nan take. Irin waɗannan 'yan wasa kuma jikinsu ba ya daidaita zafi da sanyi yadda ya kamata, ƙafafunsu suna tazarar 'yan santimita daga ƙanƙara ba sa jin sanyin, don haka safa mai kauri da takalmi mai rufi dole ne. Na ukun ya shafi yara masu tsagewar ƙashin baya, waɗanda da yawansu jikinsu ba ya ɗaukar ɗanyar roba, ga shi kuma wasu nau'o'in tef da ake naɗe sanda da su suna ɗauke da ita, saboda haka mun sauya tef ɗin ƙungiyar baki ɗaya.

Kafaɗa ma tana damuna. Mai tafiya da ƙafa idan ya ji ciwo a kafaɗa wasa kawai zai rasa, amma ɗan wasanmu da kafaɗar yake tura keken guragunsa, da ita yake sauka daga gado, da ita yake shiga banɗaki. Na roƙi koci kada ya fara horo sai an ɗumama kafaɗu, ya kuma amince.

14 ga Disamba, 2024

Lokacin da aka ba mu a filin na sassafe ne ƙwarai, domin ƙungiyoyin da suka daɗe sun riga sun kwashe na yamma. Motar da ke ɗaukar masu keken guragu sai an yi mata magana tun kafin ranar, kuma ba ta fara aiki da wuri haka, ga shi shiga kayan wasa da ɗaure jiki a keke yana ɗaukar ɗan wasanmu lokaci fiye da na mai takalmi. Wasu iyalai sun daina zuwa saboda wannan. Mun shiga tattaunawa da wata ƙungiyar manya ko za su yi musayar awa da mu.

11 ga Janairu, 2025

An dawo daga hutun ƙarshen shekara da sabon lokaci na rana, iyalan da suka janye kuma sun komo. Mun kuma sami sabon ɗan wasa, wani ɗalibi daga jihar Kano da ke karatu a lardin nan, wanda cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Kawunsa ne ya kawo shi, dattijon da muke haɗuwa da shi a masallaci, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, amana ce aka ba ni, kada a je a ƙara masa wata lalurar a kan wadda yake da ita." Na ce masa, "Alhaji, ka zauna ka gani da idonka, in ranka bai kwanta ba mu haƙura." Na nuna masa hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, da abin kare wuya, da safar hannu mai kauri, waɗanda ba a shiga fili sai da su.

Yaron bai ɗauki lokaci ba ya gane keken, dalilin kuwa shi ne a gida ya buga ƙwallon da masu shan inna suke bugawa a zaune a kan katako mai ƙananan tayoyi, suna tura kansu da hannu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a Najeriya a 1988. Ƙugunsa ya riga ya san yadda ake karkata a juya, kafaɗunsa kuma sun saba da ɗaukar nauyinsa. Abin da ya ba shi wahala shi ne sanduna, domin ya saba hannunsa ya taɓa ƙasa kai tsaye, a nan kuwa dole ne ya tura da gindin sanda, sannan ya zame hannunsa zuwa ƙasa ya kwantar da bakinta ya karɓi faifai, duk a cikin ƙiftawar ido. Da ya fito ya ce mini, "Yaya, wannan ai tudu ba ya tare shi, rami ba ya tare shi." Kawun nasa bai ce komai ba, sai dai ya tambayi ranar horo na gaba.

1 ga Fabrairu, 2025

Mun fara koyar da dokoki da gaske. Yawancinsu na hokin da aka sani ne, kuma an yarda da ture abokin hamayya da kafaɗa ko da gefen jiki a wasan manya. Dokar da ta keɓanta da wannan wasa ita ce haramcin kai wa mutum karo da goshin keke, domin a can ƙafafu suke, kuma firam ɗin ƙarfe da ya zo da gudu yana iya karya ƙashin da rashin tsayuwa a kansa ya riga ya raunana. Haka kuma ba a ɗaga haƙoran sanda a nufi mutum da su. Koci yana hukunta waɗannan laifuka biyu ko a horo ne, na kuma goyi bayansa.

A ɗakin canza kaya mun kalli wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta nakasassu ta 2018 a Koriya ta Kudu, inda Kanada take gaba da ci ɗaya har saura ƙasa da daƙiƙa 40 a tashi, sai Declan Farmer na Amurka ya farke, ya kuma sake ci a ƙarin lokaci. Yaran sun ji zafin abin kamar yau aka yi shi, sai da koci ya tuna musu cewa a watan Mayun 2024 Kanada ta doke Amurka da ci 2 da 1 a birnin Kalgari ta ɗauki kofin duniya. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta nakasassu ne a 1994 a Lilehama ta Norwe, inda Siwidin ta ci zinare, Norwe ta ci a 1998, Kanada a 2006, Amurka kuwa ta ci a 2002, ta kuma riƙe shi a jere daga 2010 har 2022. Wata yarinya ta tambaya ina matan suke a cikin waɗannan ƙungiyoyi, tambayar kuma tana kan hanya, domin ko da yake an buɗe gasar ga maza da mata, matan da suka taɓa shiga cikinta ba su taka kara sun karya ba, irin su Lena Schrøder ta Norwe a 2018 da Yu Jing ta Sin a 2022. A 2022 an fara wata gasar ƙasa da ƙasa ta mata zalla a Green Bay ta jihar Wiskonsin a Amurka. A ƙungiyarmu mun yanke cewa 'yan mata za su sami ɗakin canza kaya nasu da mace mai taimako a kowane horo, domin rashin wannan kaɗai ya isa ya hana iyaye kawo 'ya'yansu.

22 ga Fabrairu, 2025

An buga wasan gwaji na farko. Tun da ba mu da abokan karawa a kusa, mun gayyaci ƙungiyar matasan makarantar sakandare, masu lafiyar ƙafa, muka ɗaure su a kekunan aro. Sun san inda ake tsayawa a fili fiye da namu, sun kuma fi su iya karanta tafiyar faifai, amma kafin ƙarshen zangon farko hannayensu sun mutu, suna kifewa a kowace kwana, yaranmu kuma suna tsayawa suna nuna musu yadda ake tashi. Magidancin da ya rasa ƙafa shi ne ya tsare mana gida, da safar hannu mai ƙananan haƙoran ƙarfe da ke ba shi damar jan jikinsa daga wannan turke zuwa wancan. Koci ya ba shi labarin Steve Cash na Amurka, wanda aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara uku saboda ciwon daji, wanda kuma ba a zura masa ko ɗaya ba a duk gasar Olamfik ta nakasassu ta 2010 a Bankuba.

Wasan ya fito da raunin da horo yake ɓoyewa. 'Yan wasanmu suna bugu da hannun da suka fi ƙarfi kawai, alhali fa'idar sanduna biyu ita ce a tura faifai ta ƙarƙashin keke daga wannan hannu zuwa wancan a kuɓuce wa mai tarewa. Canjin 'yan wasa ma yana ɗaukar lokaci saboda cunkoso a jikin allo, abin da ya sake dawo da mu kan maganar benci.

8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, kuma ɗalibin nan da wani yaro ɗan asalin Somaliya suna yi, don haka koci ya rage musu tsawon zama a fili a horon rana. Hukumar gari ta amsa takardarmu, ta ce za ta aiko da injiniya ya duba benci da dokin ƙofa bayan an narkar da ƙanƙara, amma ba ta yi alkawarin kuɗi ba tukuna. Kekunan aro za su koma ga masu su a ƙarshen wata, sabon keke ɗaya kuma yana cin ɗaruruwan daloli kafin a zo maganar sanduna da kayan kariya, saboda haka kwamiti ya raba aikin neman tallafi, mai waldarmu kuma ya fara ƙera firam na gwaji a kan ma'aunin da muka ɗauka a Oktoba, da nufin mu sayi mazauni da wuƙaƙe kawai. Ƙungiyar Winnipeg ta yarda ta karɓe mu a wasan sada zumunci kafin a rufe fili, abin da ya rage shi ne samun mota mai ɗaukar keken guragu da yawa a tafiya ɗaya. Yara biyu sun yi girman da mazauninsu ya fara matse su a ƙugu, kuma zan sake auna su a horon mako mai zuwa kafin a bar su su hau.